Tsatsa da Walda: Tarihin Gyaran Daɓen Tsofaffin Motoci a Turai da Amurka

Gyaran daɓen mota, wato fallen ƙarfen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru inda direba da fasinja suke ajiye ƙafafunsu, sana'a ce da ta zo a makare idan aka gwada ta da sauran sana'o'in mota, domin an shafe wajen shekara 40 ana ƙera motoci a Turai da Amurka kafin ɓulewar daɓe ta zama matsalar da sai mai walda ne zai iya magance ta. Abin da ya haifar da sana'ar shi ne haɗuwar sauyin ƙira a masana'antu, wanda ya ɗora nauyin mota a kan siririn ƙarfe, da gishirin da hukumomi suka shiga watsawa a tituna lokacin hunturu, sannan dokokin duba lafiyar mota suka zo suka shata mata abin da ya halatta da abin da ya haramta. Daga baya, da masana'antu suka shawo kan tsatsa a sababbin motoci, sai aikin ya tashi daga hannun mai ƙaramin ƙarfi da ke neman motarsa ta ƙara shekara guda a titi, ya koma hannun masu adana motocin tarihi, waɗanda babbar damuwarsu ita ce yawan ƙarfen asali da za a iya cetowa.

Daga katako zuwa ƙarfe

Motocin farko sun gaji ƙirarsu daga keken doki, kuma kafintocin da suka saba haɗa keken doki su ne suka ci gaba da haɗa jikinsu. Ana fara kafa shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da gajeru a gicciye cikin siffar tsani, a ɗora masa inji da giya da sifirin da ƙafafu, sannan a kawo bodi, wanda ƙashinsa na katako ne da aka lulluɓe da fallen ƙarfe ko na alminiyam, a ɗaure shi a sama da noti. Daɓen irin wannan mota alluna ne na katako, kamar yadda yake a Ford Model T da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, wadda ake ɗaga allunan gabanta da hannu idan ana son a kai ga giya. Idan allo ya ruɓe, duk mai zarto yana iya yanko wani ya mayar, kuma ko da an cire allunan gaba ɗaya motar ba za ta rasa komai na ƙarfinta ba, tun da shasi ne yake ɗauke da ita.

Edward Budd, wanda ya kafa kamfaninsa a birnin Filadelfiya na Amurka a 1912, yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kan a raba mota da katako, kuma shi da injiniyansa Joseph Ledwinka suka nuna cewa ana iya danna fallen ƙarfe a cikin mazubi da manyan injina har ya ɗauki siffar da ake so, sannan a haɗa sassan da walda. Kamfanin Dodge Brothers ya karɓi wannan ƙira a 1914, André Citroën ya kai ta Faransa a 1924, kuma a 1926 aka kafa kamfanin Pressed Steel a Cowley kusa da Oxford tare da haɗin gwiwar mai ƙera motoci William Morris. Abin da ya sa haɗin ya yi sauri shi ne waldar ɗigo, wadda ta samo asali daga binciken Elihu Thomson na shekarun 1880: ana matse fallaye biyu tsakanin bakunan jan ƙarfe guda biyu, a saki lantarki mai ƙarfi na ƙiftawar ido, sai wurin ya narke ya manne a ɗigo guda, kuma bodin mota ɗaya yakan ɗauki dubban irin waɗannan ɗigo. Sai dai tsakanin ɗigo da ɗigo fallayen biyu kwance kawai suke a kan juna, da wani siririn tsagi da fenti ba ya iya shiga amma ruwa yana shiga, kuma daga wannan tsagi ne yawancin aikin masu gyara na baya ya fito.

Mataki na gaba shi ne jefar da shasi baki ɗaya, a bar bodi ya ɗauki kansa. Lancia Lambda ta gwada wannan tun 1922, amma sai a shekarun 1930 ƙirar ta shiga manyan masana'antu, ta hanyar Citroën Traction Avant a 1934, da Opel Olympia a 1935, da Vauxhall Ten a 1937, sannan Nash 600 a Amurka a 1941. A wannan ƙira daɓe ƙarfe ne da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko ɗan sama da haka ba, wanda ake danna wa layuka masu tudu da kwari domin ya yi tauri, a haɗa shi da tudun tsakiya da sandar da ke kai ƙarfin inji ƙafafun baya take bi ta cikinsa, da ƙarafan gicciye da ake ɗaure kujeru a kansu, da dokin ƙofa na hagu da na dama, wanda dogon akwati ne na ƙarfe mai rufaffen ciki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan ƙira ta mamaye Turai, a motoci irin su Morris Minor ta 1948 da Mini ta 1959 da MGB ta 1962, saboda tana rage nauyi da kuɗin ƙira da shan mai, tana kuma ba da damar a sauko da mota kusa da ƙasa. Amma sakamakonta shi ne ramin da ya fito a ƙarƙashin ƙafar direba ya zama rauni a ginin motar kanta, domin ta daɓe da dokin ƙofa ne ƙarfin gaba yake haɗuwa da na baya.

Volkswagen Beetle, wadda aka ƙera fiye da miliyan 21 daga cikinta kafin a dakatar da ita a birnin Puebla na Meziko a 2003, ta tsaya a tsakanin ƙirorin biyu, shi ya sa ta zama makarantar masu gyaran daɓe a ƙasashe da yawa. Bodinta ana kwance shi da sifana a ɗaga, amma abin da yake zaune a kansa faranti ne mai ƙashin baya na ƙarfe a tsakiya, da fallen daɓe biyu, hagu da dama, da aka manna masa da waldar ɗigo. Batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, inda ruwan batir da ya zuba yake cinye fenti ya buɗe wa tsatsa hanya, dokin ƙofarta kuma shi ne bututun da iska mai ɗumi take bi daga inji zuwa gaba, saboda haka zufar ƙarfe takan taru a cikinsa duk lokacin sanyi. Waɗannan wurare biyu su ne farkon abin da mai saye yake dubawa har yau.

Ruwa da gishiri

Tsatsa takan samu ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, kuma aikin nata na lantarki ne a asali, domin wani sashe na fuskar ƙarfen yana narkewa a hankali cikin danshi, wani sashen yana karɓar cajin da na farkon ya saki, ruwan da ke kwance a kansu kuma shi ne hanyar da ke haɗa su. Ruwan sama zalla ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma da zarar gishiri ya narke a cikinsa sai aikin ya ninka sauri, kuma tun da gishiri yana jawo danshi daga iska, lakar da ta maƙale a lungu takan daɗe ba ta bushe ba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka idan ta shiga tsagi tsakanin fallaye biyu takan kumbura ta raba su har ɗigon walda ya tsinke, sannan ta farfashe ta zube ta bar sabuwar fuska a buɗe.

Daɓe yana shan ɓarna ta sama da ta ƙasa. Ta ƙasa, tsakuwar da tayoyi suke fesowa tana kankare fenti, kwaltar da ake shafawa don kariya kuma idan ta tsufa takan tsage ta riƙe ruwa tsakaninta da ƙarfe. Ta sama ɓarnar ta fi muni saboda a ɓoye take: ruwa yana yoyo ta robar gilashi da ta ƙofa, dusar ƙanƙara tana narkewa daga takalman fasinja, shimfiɗar algarara da ke ƙarƙashin kafet kuma ta tsotse shi duka ta riƙe shi a jikin ƙarfe wata da watanni. A Ford Mustang ta shekarun 1964 zuwa 1968 an san inda ruwan yake fitowa, wato akwatin shan iska da ke gindin gilashin gaba, wanda aka rufe da walda ba tare da isasshen fenti a cikinsa ba, sai ya ɓule ya riƙa tsiyayo ruwan sama kai tsaye a kan daɓen gaba. Daga irin wannan ne masu sana'ar suka koyi cewa wanda ya sauya daɓe bai toshe yoyo ba, aikin banza ya yi.

Gishirin titi ya zo daidai lokacin da wannan siririn ƙarfe yake yaɗuwa. Jihar New Hampshire ce ta fara mayar da watsa shi manufar hukuma a Amurka, a hunturun 1941 zuwa 1942, lokacin da abin da aka zuba a manyan hanyoyin ƙasar duka bai wuce tan 5,000 ba, amma zuwa 1955 ya kai tan miliyan ɗaya a shekara, kafin 1970 kuma ya doshi tan miliyan goma. Ingila ta bi sahu da gishirin da ake haƙowa a Winsford ta yankin Cheshire, haka ma Jamus da Kanada da ƙasashen arewacin Turai. Gishiri yana hana ruwa daskarewa a kan titi, ya rage haɗurra, don haka hukumomi suka ci gaba da watsa shi, sai motoci suka biya kuɗin: a shekarun 1960 da 1970 ba abin mamaki ba ne a ga mota da injinta lafiya lau amma daɓenta ya ɓule kafin ta cika shekara goma.

Zamanin faci

Kayan aikin da mai gyara yake da shi a wancan lokaci shi ne waldar gas, wadda injiniyoyin Faransa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka samar da bakin wutarta a farkon ƙarni na 20. Ana haɗa oksijin da iskar asitilin, wadda ake samu idan aka zuba wa kabaid ruwa, su ba da harshen wuta da zafinsa ya haura digiri 3,000, kuma a hannun gwani tana yin ɗinki mai laushi da za a iya daidaitawa da guduma. Matsalarta ita ce tana baza zafi a fili mai faɗi, siririn falle ya lanƙwashe, kwaltar ƙasa da kafet su kama wuta, saboda haka aikin yana cin lokaci kuma yana bukatar a kwashe kusan duk abin da ke cikin mota. Motar da ta kai ga ɓulewa kuwa yawanci ta riga ta faɗi a kasuwa, mai ita ba zai kashe mata abin da ya fi kuɗinta ba, sai aka koma ga dabarun rufa-rufa.

An riƙa yanko ƙarfe daga tsohuwar ƙofa ko jikin firiji a shimfiɗa a kan ramin, a kama shi da ribit ko da waldar tagulla, wadda take manne fallaye ba tare da ta narka su sun zama ɗaya ba. A da masu gyaran bodi suna cike lotsawa da narkakkiyar dalma mai gaurayen kuza, suna shafa ta da cokalin katako da aka jiƙa da kitse, aikin da yake bukatar koyo, amma daga tsakiyar shekarun 1950 aka samu fila ta roba, irin Bondo da ta fito a Amurka a 1955, wadda kowa zai iya kwaɓawa ya shafa ta bushe cikin mintoci. An yi ta ne don gyara fuskar bodi, sai aka mayar da ita abin toshe rami tare da zaren gilashi da ragar waya, wani lokaci har da tsohuwar jarida, a bi ta da baƙar kwalta mai kauri don kada mai saye ya gani. Irin wannan faci ba ya ɗaukar nauyi, kuma da yake ruɓaɓɓen ƙarfen yana nan a ƙarƙashinsa, sabon tsagin da aka ƙirƙira ya fi na masana'anta riƙe ruwa.

Doka ce ta fara takura wannan ɗabi'a. Jamus ta Yamma ta wajabta duba lafiyar motoci daga ƙarshen 1951, Birtaniya kuma ta shigo da gwajin MOT a 1960, lokacin da Ernest Marples yake ministan sufuri, da farko ga motocin da suka kai shekara goma, kuma birki da fitilu da sitiyari kawai ake dubawa. A 1967 aka sauko da shi zuwa shekara uku, a 1977 kuma aka ƙara duba lafiyar ginin bodi da shasi. Ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce duk tsatsar da ta raunana ƙarfe a tsakanin santimita 30 daga inda aka ɗaure sifirin ko sitiyari ko birki ko bel ɗin kujera tana kayar da mota, kuma mai gwaji yana da ƙaramar guduma ta musamman da yake ƙwanƙwasa wurin da ita. Facin da aka yi a irin wannan wuri dole ne a zagaye shi da walda marar yankewa, ribit da fila da waldar tagulla ba su karɓuwa, waldar ɗigo kuma sai inda aka sauya falle sukutum a kan layin da masana'anta ta haɗa shi. Wannan ya raya dubban ƙananan gareji da masu walda na tafi-da-gidanka, ko da yake abin da yawancinsu suke yi shi ne ɗora faci a kan faci duk shekara, gwargwadon abin da zai tsallake gwaji.

Farkawar masana'antu

Kafin masu ƙera motoci su motsa, wasu sun riga sun mayar da rigakafin tsatsa kasuwanci. A Suwidin aka ɓullo da hanyar huda ƙananan kafofi a dokin ƙofa da sauran rufaffun sassa a fesa mai da kaki a ciki, a Detroit kuma Kurt Ziebart, baƙo daga Jamus, ya buɗe shagonsa a 1959 yana irin wannan aiki. Kamfanin Ford ya fara tsoma bodi a tafkin fenti mai lantarki a farkon shekarun 1960, inda caji yake jan fenti zuwa lungunan da feshi ba ya kaiwa, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka inganta hanyar ta yadda kariyarta ta ƙaru ƙwarai. Porsche ta koma ga ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya a kusan dukkan bodin 911 daga 1975, tare da garantin shekara shida, Audi kuma ta yi haka ga motocinta na talakawan gari a tsakiyar shekarun 1980. Amfanin tutiya shi ne ita take fara lalacewa a madadin ƙarfe, ko da an karce ta.

Abin da ya faru da Lancia Beta a Birtaniya a 1980 ya nuna wa sauran kamfanoni tsadar sakaci. Tsatsa ta ci wurin da ƙarfen da ke ɗauke da inji yake ɗaure a ƙasan bodi, jaridu suka yayata labarin, kamfanin ya sayi motoci da dama daga hannun masu su ya rushe su, kuma sunansa bai farfaɗo a kasuwar ba har ya fice daga ƙasar kafin tsakiyar shekarun 1990. Tun ran gini ran zane: kariyar da aka yi wa ƙarfe a masana'anta, kafin a rufe akwatunansa da walda, babu gyaran baya da yake kamo ta. Daga wannan lokaci ɓulewar daɓe ta fara zama cutar wani rukuni na motoci, wato waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1940 da farkon 1980, kuma su ne waɗanda ake kira motocin tarihi a yau.

Sabon kayan aiki da sabuwar ƙa'ida

Ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci sun daɗe, domin an kafa Veteran Car Club a Birtaniya a 1930, da Antique Automobile Club of America a 1935, amma motocin da suka dame su na masu shasi ne da katako. Sai a shekarun 1970 da 1980 ne sha'awar ta sauko kan motocin bayan yaƙi, mujallu irin su Practical Classics, wadda ta fara fita a 1980, suka riƙa koya wa ma'aikaci da malamin makaranta yadda zai gyara motarsa a garejin gidansa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne waldar MIG, wadda a cikinta inji yake turo siririyar waya ta bakin bindiga ba yankewa, lantarki ya narka ta, wata iska kuma ta lulluɓe wurin ta kare shi daga oksijin. An ƙirƙiro ta a cibiyar Battelle ta Amurka a 1948, masu bincike a Tarayyar Sobiyat suka nuna a 1953 cewa iskar kabon mai arha ta isa ga ƙarfe, a ƙarshen shekarun 1950 aka samu salon da ya dace da siririn falle, amma ƙananan injinan da ake jona wa wutar gida ba su yaɗu ba sai a shekarun 1980. Da yake zafinta a tattare yake a ɗan wuri, kuma hannu ɗaya ya isa riƙe bindigar, mai koyo yana iya yin abin da a da sai gwani.

Tsarin aikin da ya zauna tun daga lokacin ya saɓa wa na zamanin faci tun daga farkonsa. Ana cire kujeru da kafet da batir, a kawar da bututun mai da na birki da wayoyin da ke bin ƙasa, sannan a tokare bakin ƙofofi da sandunan ƙarfe na wucin gadi, musamman a mota marar rufi, domin idan aka yanke daɓe ba tokari bodi yakan sunkuya, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ana gurje fenti da kwalta har a ga iyakar ɓarnar, wadda kullum ta fi ramin da ido ya fara gani faɗi, a yanka har a kai ga lafiyayyen ƙarfe mai cikakken kauri, domin walda a kan ƙarfen da tsatsa ta sirantar ba ta haifar da komai sai sabon rami. Inda yankan ya iso layin masana'anta, ana huda ɗigon waldar asali ɗaya bayan ɗaya da baki na musamman wanda yake cin fallen sama ya bar na ƙasa. Daga nan a ɗauki siffar gurbin da kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, a danna masa layukan tauri su dace da na kewayensa.

A wurin haɗawa ne masu sana'ar suka fi saɓani. Waldar ɗori, inda bakin sabon falle yake hawa kan na tsohon, ta fi sauƙi kuma ba ta cika ɓulewa ba, amma tana barin tsagi. Waldar baki-da-baki, inda fallayen biyu suke karo a jere da tazarar da ba ta kai milimita ba, ta fi wuya, sai dai idan aka gurje ta ba a gane inda aka yi ta, kuma ba ta bar wa ruwa maɓoya, shi ya sa ta zama abin da ake auna gwani da shi. Ana yin ta ne da ɗan ɗigo nan, ɗan ɗigo can nesa, ana barin ƙarfe ya huce, har ɗigon su haɗe su zama layi, wani lokaci a tara fallen jan ƙarfe a baya ya shanye zafi, tun da narkakken ƙarfe ba ya manne masa. A layukan masana'anta kuma ana huda kafofi a sabon fallen, a shafa fenti mai tutiya a fuskokin da za su kwanta a kan juna, a matse su, a cike kowace kafa da walda a madadin ɗigon asali. Bayan haka sai fentin tushe, da danƙon toshe tsagi, da kaki a cikin rufaffun sassa.

Kasuwar kayan gyara ta bi wannan sauyi. Daɓen Beetle bai taɓa yankewa ba, tun da an daɗe ana ƙera motar a Barazil da Meziko, kuma ana sayar da shi rabi guda ko ɗan yankin gurbin batir kawai. A 1988 kamfanin British Motor Heritage ya dawo da mazuban asali na MGB, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan daga cikinta zuwa 1980, ya fara fitar da sabon bodi sukutum, a Amurka kuma kamfanin Dynacorn ya yi irin haka ga Camaro da Mustang a shekarun 2000. Nijeriya ta shiga wannan tarihi ta wata kusurwa, domin an harhaɗa Beetle a Legas da Peugeot 504 a Kaduna tun daga 1975, kuma a busasshiyar iskar arewa, inda ba a zuba gishiri a titi, daɓensu yakan daɗe fiye da na takwarorinsu na Turai, yayin da motocin hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen ƙanƙara suke zuwa da tsatsarsu, su faɗa hannun masu fanel-bita da har yanzu da yawansu waldar kabaid suke yi.

Nawa ya kamata a yanka

Samuwar sabon bodi ta tayar da tambayar da ba ta taɓa damun mai facin shekarun 1960 ba, wato ko motar da aka sauya mata daɓe da dokin ƙofa da ƙarafan gicciye har yanzu ita ce wadda ta fito daga masana'anta. Masu gyaran Beetle suna da amsa mai sauƙi, domin lambar shasi a kan ƙashin bayan tsakiya aka buga ta, a ƙarƙashin kujerar baya, saboda haka suna adana shi su sauya fallayen gefe, amma a mota mai ɗauke da kanta babu wani sashe guda da za a ce shi ne motar. Na wani lokaci abin yayi shi ne a sabunta komai har ya fi na masana'anta ƙyalli, sannan ra'ayi ya juya. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta FIVA, wadda aka kafa a 1966 kuma take ɗaukar abin hawa mai shekara 30 a matsayin na tarihi, ta amince da Yarjejeniyar Turin a 2012, ta fara aiki a farkon 2013, kuma a cikinta aka bambanta adanawa da maidowa da gyara, aka nemi a kiyaye kayan asali iyakar iko, a kuma rubuta duk sauyin da aka yi. A 2024 wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ta ba ta lashe babbar kyautar gasar Pebble Beach a Kalifoniya, karo na farko da mota daga rukunin adanawa ta yi haka.

Wannan ra'ayi ya dawo da ƙaramin gyara cikin daraja, amma da wata fuska dabam da ta zamanin faci: a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, a dasa sabon ƙarfe baki-da-baki, a bar sauran daɓen da ɗigon waldarsa na asali. Yana da iyaka, domin daɓe ba abin kallo ba ne kawai a motar da ake hawa, kuma wanda aka dasa wa ƙarfe a wurare goma sha zai iya kasa sabon falle guda ƙarfi, don haka ƙwararru sukan adana inda ɓarnar take ƙarama kuma nesa da wurin ɗaukar nauyi, su sauya sukutum inda kujera ko bel ko sifirin suke ɗaure. Tun daga watan Mayu na 2018 Birtaniya ta ɗauke wa yawancin motocin da suka haura shekara 40 wajibcin gwajin MOT, alhali Jamus tana ci gaba da duba nata duk shekara biyu ko da suna ɗauke da lambar tarihi da ta shigo da ita a 1997. Ma'anar wannan ga Birtaniya ita ce rukunin motocin da aka rubuta ƙa'idar santimita 30 dominsu ya fita daga hannun mai gwaji, kuma hukuncin ko daɓe yana da lafiya ya koma kan mai mota da mai waldar da ya ba aikin, ko da yake doka ba ta fasa wajabta wa mai mota kiyaye lafiyar abin da ya hau da shi titi ba.